Darasin Kiwon Lafiya: Man Shafawa Mai Haɗin Magani Uku

Gabatarwa

Darasin kiwon lafiya na wannan fitowa yana kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda da wuya a rasa shi a gidajenmu. Yana bisa taga, ko cikin jakar mai jego tare da hoda da man kaɗanya, ko a ƙasan akwatin yaron da zai koma makarantar kwana. Man shafawa ne mai zuwa cikin ɗan bututu, wanda aka haɗa magunguna iri uku a cikinsa domin cututtukan fata. Funbact-A da Skineal su ne suka fi suna, amma akwai ire-irensu da yawa, kowane da launin kwalinsa. A Suleja, daga Kwamba har Madalla, ba a shan wahalar samunsa. Mutum yakan tsaya a kemis ya ce jikinsa yana ƙaiƙayi, kafin ya rufe baki an miƙo masa.

Akwai dalilin da ya sa wannan mai ya sami gindin zama a garin. Tun 1976 da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a maƙwabta, har tsohuwar Abuja ta ba da sunanta ta koma Suleja, balle bayan 1991 da gwamnati ta tare a can, garin ya cika ya batse da ma'aikatan da tsadar haya ta hana su zaman birni. Ana cunkushe a ɗakuna, ana tarayya a tabarma da tawul. Ma'aikaci ya fita da asuba, ya matsu cikin mota, ya wuni da safa da takalmi sau-ciki, ya dawo bayan duhu. Ga zafin bazara daga Fabrairu zuwa Afrilu, ga laimar damina har Oktoba. Gumi da cunkoso kuwa su ne abin da cututtukan fata suke so. Wanda ya dawo gida da dare ba zai je asibiti ya bi layi saboda ƙaiƙayi ba, gama kemis na bakin titi yana buɗe.

Manufar darasin ita ce mu san abin da ke cikin wannan bututu, mu kuma gane dalilin da ya sa likitocin fata na Nijeriya, ta bakin ƙungiyarsu, suka daɗe suna gargaɗi a kansa, alhali kuwa masu shafa shi suna shaida cewa yana aiki nan da nan. Dukansu biyu gaskiya suke faɗa.

Abin da ke cikin bututun

Na fari shi ne maganin fangas. Fangas wasu ƙwayoyi ne dangin fumfunar da takan fito a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Waɗansu irinsu a kan fatar mutum suke zama, da gashi, da farce, suna cin matacciyar fata ta sama. Su ne ke kawo makero, da kyasbi, da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, da ƙaiƙayin matsematsi. A cikin Funbact-A maganin fangas ɗin kilotirimazol ne, a cikin Skineal kuwa ketokonazol. Magunguna ne nagari, sai dai a hankali suke aiki, sai an yi makonni ana shafawa.

Na biyu maganin bakteriya ne, yawanci niyomaisin, waɗansu kamfanoni kuwa jentamaisin suke sawa. An gano niyomaisin a shekara ta 1949 a ɗakin binciken Selman Waksman a Amurka. Aikinsa kashe ƙwayoyin da ke sa miki ya yi ruwa ko mugunya, ba ruwansa da fangas ko kaɗan. Yana da wani hali kuma da mutane da yawa ba su sani ba: yana cikin magungunan shafawa da fata ta fi ƙi. Har a 2010 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin abubuwan da ke tayar wa fata bori ta ɗauke shi a matsayin abin lura na shekarar. Wato mutum yana iya shafa shi domin ƙaiƙayi, maganin da kansa ya haifar masa da sabon ƙaiƙayi.

Na uku, wanda shi ne zuciyar darasinmu, sitiroyid ne. Wannan ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda ɗaya. Kwaikwayo ne na wani sinadari mai suna kotisol, wanda jiki da kansa yake yi a waɗansu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda. Aikinsa kwantar da garkuwar jiki, ya hana kumburi, da ja, da ƙaiƙayi. A 1952 ne likitoci biyu a Amurka, Marion Sulzberger da Victor Witten, suka ba da rahoton shafa irinsa na farko, haidirokotison, a kan fata, kuma lalle babban alheri ne ga masu fama da kirci da makamantansa. Amma sitiroyid hawa-hawa ne. Haidirokotison yana ƙasa. Betametason, wanda ke cikin Funbact-A, yana cikin masu ƙarfi. Kilobetasol, wanda ke cikin Skineal, yana can ƙololuwa, ana ƙiyasta ƙarfinsa ya kai ninkin haidirokotison har sau 600. A Ingila da Amurka ba a sayar da kilobetasol sai da takardar likita.

Me ya sa aka haɗa ukun? Tunanin shi ne, idan ba a san ko wace cuta ce ba, a auka mata da kome da kome, ko ɗaya zai same ta. Hali ne na maharbin da ya ji motsi cikin ciyawa ya saki kibiya bai ga ko zomo ne ko ɗan akuyar maƙwabci ba. Yawancin cututtukan fata sanadi guda gare su. Saboda haka wanda ya shafa haɗin uku, sau da yawa biyu daga ciki ba ya bukatarsu, kuma wanda ya fi saurin nuna aiki shi ne wanda ya fi ruɗi.

Makero mai ɓad da kama

Bari mu ɗauki makero, gama a kansa aka fi ganin ɓarnar. Makero yakan fito kamar zobe: gefensa ya ɗan tashi, da ɓawo-ɓawo da ƙananan ƙuraje, tsakiyarsa kuwa ta yi kamar ta warke. Wannan gefen mai ƙaiƙayi shi ne fagen da garkuwar jiki take kokawa da fangas. Ƙaiƙayi da kumburi haushin kare ne da ya ga ɓarawo. Sitiroyid ɗaure bakin karen yake yi. Cikin kwana biyu ko uku gida ya yi tsit, mai shafawa ya ji daɗi, ya gaya wa maƙwabcinsa ya sami magani.

To, mai karatu zai ce, ai akwai maganin fangas a ciki, shi zai kama ɓarawon. Da haka ne da an huta. Maganin fangas yana bukatar mako biyu zuwa huɗu, yana kuma dogara ga taimakon garkuwar jikin da sitiroyid ya riga ya kwantar. Mutum kuwa da zarar ya daina susa sai ya daina shafawa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Bayan kwanaki kaɗan ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfi fiye da dā, sai a koma kemis a sayi wani bututu. Haka za a yi ta yi, wata uku, wata shida, shekara. Cikin wannan lokaci fangas yana ta cin gaba a ɓoye, daga matsematsi ya hau ciki da ɗuwawu, yana kuma nutsawa cikin ramukan gashi inda man shafawa ba ya kai wa.

Abin da ya fi muni, zoben nan da ake gane makero da shi yakan ɓace. Ciwon ya zama wani faffaɗan tabo marar iyaka, wani wuri da ƙuraje, wani wuri sumul. Likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, su ne suka bayyana wannan a 1968, suka ba shi suna da Latin mai ma'anar makero mai ɓad da kama. Sa'ad da mai ciwon ya gaji ya je asibiti, ko gwanin likita yana iya duba fatar ya rasa gane abin da yake gani. Cutar da bututun kilotirimazol zalla guda ɗaya ko biyu zai kawar tun farko, yanzu sai an yi makonni ana shan ƙwaya.

Kada mu ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne na mutum ɗaya da fatarsa. A Indiya, inda ake yin da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka, an yi shekaru ana sayar da su barkatai kamar yadda ake yi a nan. Likitocin fata na can suka fara ganin makero da ke cin iyali gaba ɗaya, ya rufe rabin jiki, ya kuma ƙi jin tabinafin, wanda dā shi ne maganin da ake dogara da shi. A 2020 masana suka tabbatar wani nau'in fangas ne na dabam, suka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, suna kuma ɗora babban kaso na alhakin yaɗuwarsa a kan mayukan da ke haɗe da sitiroyid. Ya riga ya tsallaka zuwa Turai, a 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samunsa a New York. Gwamnatin Indiya ta haramta ɗaruruwan haɗe-haɗen magunguna a 2016, ta sake tabbatar da haramcin mafi yawansu a 2018. Zafi da cunkoso da kemis a kowace kwana, abubuwan da suka reni wannan cuta a can, duk muna da su a nan.

Kowace cuta da nata magani

Makeron jiki, in bai yaɗu ba, maganin fangas zalla yake so: kilotirimazol ko mikonazol, safe da yamma, a shafa har a wuce gefen tabon da kamar faɗin yatsa, a ci gaba mako ɗaya ko biyu bayan an ga fata ta koma daidai. A raba tawul, a shanya tufafin ciki a rana, a goge jiki ya bushe sarai bayan wanka.

Makeron kai na yara, wato kora, dabam yake. Fangas ɗin cikin silin gashi yake shiga, babu man shafawar da zai kai can, ko mai haɗin uku ne ko mai haɗin goma. Sai an sha magani, yawanci girisiyofulbin, mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro, a kuma sha shi da abinci mai maiƙo domin ya shiga jini sosai. Iyaye sukan aske kan yaro su lafta masa mai, su yi ta mamakin yadda korar take ƙara faɗi. In aka bari ta kumbura ta yi ruwa, tana iya barin tabon da gashi ba zai sāke tsirowa a kai ba. Mataji, da hula, da injin aski su ne hanyoyinta, don haka a lura da ƙannen yaron da abokan kwanansa.

Kyasbi yana bukatar ɗan bayani saboda wani ruɗani na harshe. A Nijeriya, in mutum ya ce yana da "ekzima", kusan kullum kyasbi yake nufi, wato fararen tabon nan ko masu duhu a ƙirji da baya da wuya. Amma a bakin likita, da kuma a jikin kwalin magani, ekzima wata cuta ce dabam, irin kircin nan mai bushe fata da ƙaiƙayi wanda ba ƙwaya ce ke kawo shi ba, wanda kuma lalle sitiroyid yake yi wa amfani. Sai mai kyasbi ya karanta kalmar a kwali ya ce ga maganinsa. Kyasbi kuwa wani fangas ne da ke zaune a fatar kowa, zafi da maiƙon jiki ne ke sa shi yawa, sitiroyid ma yana ƙara masa ƙarfi. Maganinsa sabulun ruwa mai ketokonazol ko seleniyom, ko man fangas zalla. A kuma sani, bayan ƙwayar ta mutu launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Ba alamar ƙazanta ba ne, kada matasa su ji kunya har su faɗa hannun masu haɗa mai.

Sai ƙazwa. A nan babu ko ɗaya cikin magungunan uku da ke taɓa sanadin ciwon. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, macen takan haƙa rami cikin fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kowace rana. Ƙaiƙayinta da dare yake tsananta, a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da al'aura, kuma da wuya a same ta a jikin mutum ɗaya kaɗai a gida. Wanda ya kamu da ita karo na fari yakan yi mako huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. Shi ya sa ake yi wa gida duka magani rana ɗaya, da mai susa da marar susa: fametirin na kashi 5 cikin ɗari, ko benzil benzowet wanda ake sirkawa domin yara, daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda mako ɗaya. Ƙaiƙayin yana iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, domin mikin susarta ƙofa ce ga bakteriyar da ke iya taɓa ƙoda da zuciyar yaro. Shugabannin makarantun kwana da masu kula da gidajen marayu, wannan sashe naku ne musamman.

Ƙurajen zafi ba sa bukatar kome sai iska, da wanka, da tufafin auduga marasa nauyi. Maruru cikin nama yake, mai ba ya kai masa.

Akwai kuma tabon da ba ya ƙaiƙayi, ya fi sauran fata haske, in an taɓa shi da auduga ko tsinke mutum ba ya ji sosai. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Dattawanmu da suka san Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, inda 'yan mishan suka kama aikin jinyar kutare tun wajen 1937, sun san abin da jinkiri yake jawowa. Cutar ba ta ƙare a Nijeriya ba, amma tana warkewa sarai, tun 1995 kuma kyauta ake ba da maganinta a duniya duka. A Jihar Neja akwai asibitinta a Chanchaga kusa da Minna. Kowane wata da aka ɓata ana shafa mai a kan irin wannan tabo, jijiyoyin hannu da ƙafa ne suke biya.

Jarirai

A nan ne zuciya take ƙuna. Ya zama al'ada a gidaje da yawa a matse bututun nan cikin man kaɗanya ko man jariri, a gauraya, a riƙa shafe yaro da shi daga kai har ƙafa bayan kowane wanka, wai domin kada ƙuraje su fito, fatarsa kuma ta yi sumul. Uwa ba mugunta take nufi ba. Wata ce ta gaya mata, a wurin suna ko a layin awo, ta kuma ga jaririn waccan ya yi ɓul-ɓul ya yi haske.

Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, in kuma aka gwada faɗinta da nauyin jikinsa, ta fi ta babba yawa ƙwarai. Saboda haka abin da aka shafa masa yana ratsawa cikin jini fiye da yadda zai ratsa jikin uwarsa. In an ɗaura masa kunzugu na roba a kai, ɗumi da laima sukan ninka shigar maganin. Sa'ad da sitiroyid ya yi yawa a jini, sai fuskar yaro ta yi zagaye kamar wata, kumatu su cika, gashi ya tsiro a goshi da baya, tsawonsa kuwa ya tsaya. Mutane su yi ta yaba ƙibarsa, ba su san ciwo suke yabo ba. Garkuwar jikinsa takan yi rauni, ƙaramar cuta ta kwantar da shi. Halittun nan biyu na bisa ƙoda kuma, da suka ga kotisol yana shigowa daga waje, sai su daina yin nasu. Ranar da mai ya ƙare, ko zazzaɓi mai zafi ya zo, jikin yaron ba shi da abin tsayawa, yana iya yin laushi, ya yi ta amai, har rai ya salwanta.

Domin haka, uwar da ta yi makonni ko watanni tana shafe jaririnta da wannan haɗi, musamman in ta ga fuskarsa ta sāke, kada ta yanke shi farat ɗaya da kanta, kada kuma ta ci gaba. Ta ɗauki yaron da bututun ta kai wa likitan yara, shi zai san yadda za a janye shi a hankali. Ko a Amurka, inda sai da takardar likita ake samun haɗin kilotirimazol da betametason, takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a ba wanda bai kai shekara 17 ba, kada kuma a shafa shi a kan ƙurajen kunzugu. Mu kuwa ɗan kwana arba'in muke shafa wa.

Masu neman haske

Sitiroyid mai ƙarfi yana kwashe launin fata, masu haɗa man bilicin kuwa sun san haka. Waɗansu mata da ƙuraje suka kai su ga bututun, haske ne ya riƙe su. Ƙarshensa sananne ne: fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsattsage hammata da cinyoyi, wadda ba ta gogewa har abada, ƙurajen fuska su yi yawa, miki ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Shafawa kusa da ido yana iya kawo hawan jinin ido ko yana. Shafe jiki duka shekara da shekaru yana iya tayar da sukari da hawan jini. A 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Garin neman gira an rasa ido. Ba za mu tsawaita a nan ba, batun ya isa darasi na kansa.

Yaushe ya halatta?

Adalci ne a faɗa cewa sitiroyid ba guba ba ne. Yaro mai kirci na gaske, wanda ba ya barci saboda susa, haidirokotison da likita ya rubuta jinƙai ne a gare shi, kada tsoro ya sa iyaye su hana shi. Akwai kuma lokacin da likita, bayan ya duba, zai ga kirci ya haɗu da bakteriya, ko fangas ya kumbura ƙwarai, ya rubuta haɗin biyu ko ma na uku na 'yan kwanaki. Bambancin shi ne an duba, an san abin da ake yi wa magani, an kuma sa ranar dainawa.

In an rubuta maka, ga ƙa'idodin. A shafa kaɗan, a kan wurin ciwon kaɗai. Ma'aunin da likitocin fata ke koyarwa shi ne abin da aka matso daga kan yatsa manuni zuwa gaɓa ta fari, kimanin rabin giram ke nan, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babban mutum. Kada a wuce kwanakin da aka faɗa, masu ƙarfi irin kilobetasol kuwa da wuya a bar mutum ya wuce mako biyu a jere. Fuska, da hammata, da matsematsi, da al'aura fatarsu ba kauri, ba wurin sitiroyid mai ƙarfi ba ne sai in likita ya faɗa da bakinsa. Kada a sa shi cikin buɗaɗɗen miki ko ƙuna mai faɗi, gama niyomaisin da ya shiga jini da yawa yana iya taɓa ji da ƙoda. Mai juna biyu da mai shayarwa su sanar da likita halin da suke ciki. Ragowar kuma kada a ajiye domin wani, ciwon ɗan'uwanka ba naka ba ne ko da sun yi kama.

Ya kamata kowa ya koyi duba kwali. A gefensa, da ƙananan baƙaƙe, akwai jerin abin da ke ciki. Ga yadda ake rubuta sunayen sitiroyid a can: clobetasol, betamethasone, beclomethasone, dexamethasone, fluocinolone. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu tare da wasu sunaye biyu, haɗin da muke magana ne a hannunsa, kowane irin suna aka ba shi. Lambar NAFDAC a jikin kwali tana nuna an yi wa maganin rajista, ba ta nuna cewa ya dace da ciwonka.

Masu kemis kuma ba abokan gāba ba ne. Da yawansu suna yi wa unguwa hidima a sa'ar da babu kowa. Amma izinin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya take ba mai kantin magani na sayar da ƙananan magunguna ne waɗanda ba sa bukatar takardar likita, ba a kuwa koya masa binciken fata ba. Ta bayan kanta, cikin hasken fitila, ba zai iya duba matsematsin mutum ba, mai saye ma ba zai nuna ba. Sau da yawa ma mu ne muke zuwa da sunan man a bakinmu, in ya ce babu mu wuce kanti na gaba.

Ƙaiƙayi ko tabon da ya wuce mako biyu, ko yake yaɗuwa, ko ya kama mutum fiye da ɗaya a gida, ko ya zo da zazzaɓi, ko yake jikin jariri, na asibiti ne. A fara da asibitin unguwa ko Babban Asibitin Suleja. In abin ya gagara, akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da kuma Asibitin Ƙasa a Abuja, duka tafiyar wuni ɗaya ce a je a dawo. Babban mutum da fangas yake yawan dawo masa ya nemi a auna masa sukari, ya kuma yarda a yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, gama wani lokaci fata ce take fara ba da labarin abin da ke ciki.

In za a je, a tafi da dukan bututun da aka shafa, har waɗanda suka ƙare, da kwalbar man da aka gauraya. A faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin, ko da shekara biyu ne, domin da wannan zai san ko a daina nan take ko a rage a hankali. Wanda ya daɗe yana shafawa ya shirya wa makonni masu wuya: fatar za ta yi zafi, ta yi ja ko duhu, ƙaiƙayi ya taso kamar ba a taɓa yin magani ba, a nan ne kuma da yawa suke komawa kemis. Gwajin fangas kansa ba wuya: a ɗan kankare ɓawon fata daga gefen tabon, a ɗiga masa wani ruwa, a duba da madubin likita. Sai dai in an shafa mai kwanan nan ƙwayar takan ƙi bayyana, saboda haka likita yana iya cewa a dakata da shafa kome na mako ɗaya ko biyu sa'an nan a dawo a kankara.